Jan Babur da Rawanin Malam Muntaka

Sa ɗaya Malam Muntaka ya sayar cikin biyun da suke ja masa amalanke. Ya naɗe kuɗin a tsumma, ya miƙa wa ɗiyarsa Hassana, ya ce, "Kai wa yayanki. Ki ce masa babur nake so mai doguwar kujera, irin na 'yan acaɓa."

Barau yana tsaye a bakin zauren, tsakaninsa da uban bai fi taku huɗu ba, yana ji da kunnensa. Amma haka abin yake tun tashinsa. Shi ne ɗan fari, Malam Muntaka kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunan Barau ba, bai taɓa dafa kafaɗarsa ba, ko ranar Sallah ba sa haɗa hannu. In magana ta zama dole sai ya ce "kai," in ba haka ba ya bi ta kan Hassana.

Ƙafa ce ta jawo sayar da san. Da daminar bara garma ta sari tsohon a ƙwauri, ciwon ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Malamin asibiti a Jahun ya ce sai an riƙa wanke shi duk Litinin da Alhamis, ba fashi. To tsakanin ƙauyensu, Tsamiyar Bako, da burjin da yake shiga Jahun akwai yashin da mota ba ta shigarsa. A amalanke, in sun tashi bayan asuba ba sa isa sai rana ta take, lokacin an kusa rufe layi, ga jijjiga ta sa ƙafar ta kumbura. Shi ya sa aka aika Dutse aka kira Barau, tunda an ce ya iya babur.

Iyawar tasa ba ta wuce ta kan kwalta ba. Tun da ya gudu daga makaranta a aji biyu ya faɗa Dutse, yake kwana a shagon abokinsa Sagiru a Limawa. Ya yi leburanci a gine-ginen gwamnati, ya yi wankin mota, ya yi tallan kaset, ba sana'ar da ya shekara a cikinta. In Sagiru ya gaji da acaɓa da rana sai ya ba shi aron babur ya zaga gari. Wannan ce iyawar.

Da niyya mai kyau ya shiga Dutse, wannan kam ba wanda zai ƙwace masa. Sagiru ne ya ɓata lamarin ba da gangan ba, da ya ce akwai wani mutumin kudu mai otal a bayan gari, an rufe masa wuri tun da aka ƙaddamar da shari'a, yana tattara nasa ya nasa zai koma gida, komai yana sayarwa da araha.

Suka tarar da shi cikin tulin kujerun roba da akwatunan kwalba wofi. Ya yaye wani tamfol, sai ga babur ja wur. Tankinsa ya yi tozo kamar na bijimi, hannuwansa sun yi ƙasa, mai tuƙi sai ya kwanta a kai kamar ƙadangare a bango. Wurin zaman baya bai fi faifai ba, ya ɗage sama, kuma ba shi da kariya, wato ƙarfen nan na baya da ake ɗaure kaya, wanda fasinja yake kamawa. A ƙarƙashin lamba akwai ɗan allo mai jan harafin 'yan koyo.

"Na ɗana ne," in ji mutumin. "Bai gama koyo ba ya tafi. Injin ƙarami ne, amma ji muryarsa."

Ya tayar da shi. Ƙarar ta shiga ƙirjin Barau ta zauna.

"Kai, Barau," in ji Sagiru, "tsoho fa za ka ɗauka, ba budurwa ba."

"Babur ai babur ne."

"Jaki ma ai dabba ne, barewa ma dabba ce. Ɗora wa barewa mangala mu gani."

"Hassada ce kawai take cin ka, ɗan acaɓa."

Ya saya. Kwana biyu ya ƙara a Dutse wai yana gwaji. Giyarsa dabam take da ta baburan da ya saba, ɗaya ƙasa sauran sama, kulocinsa kuma ba ya son wasa, amma a kan kwalta duk wannan daɗi ne. Ya kwanta a kan tanki ya bi titin Kiyawa har iska ta sa shi hawaye, mutane suna waiwaye. Waɗannan kwana biyun su ne iyakar daɗin da ya taɓa ji a jan babur.

Ranar komawa gida yashi ya kayar da shi sau huɗu. Da turi ya shiga Tsamiyar Bako, rigarsa sharkaf, bakinsa cike da ƙasa. Malam Muntaka yana kan tabarma a ƙofar gida, ƙafar a miƙe. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya juya wajen Hassana.

"Tambaye shi, a ina ake zama?"

Hassana ta toshe baki da gefen mayafi ta ruga cikin gida.

Ranar Litinin maza biyu suka ɗaga tsohon suka ɗora shi a kan ɗan faifan. Barau yana ji uban ya miƙa hannu baya yana laluben kariya, ya lalubo iska. Hannuwan suka yi ɗan shawagi, sannan ya ɗora su a kan gwiwoyinsa. A irin wannan babur ba abin riƙo sai mai tuƙi, Barau ya sani, kowa a wurin ya gani. Amma wane baki zai buɗe ya ce wa Malam Muntaka ya rungumi ɗan farinsa a gaban masallaci? Ya sa giya, ya saki kuloci.

Babur ya zabura kamar an tsikare shi. Bayansa ya yi sakayau. Ko da ya waiwaya, uban yana kwance rigingine a ƙasa, rawani ya gangara gefe, jini yana tsattsafowa ta bandeji.

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi salati da ƙarfi. Malam Muntaka ya ce, "Alhamdu lillahi. Ku mayar da ni ciki." Bai yi faɗa ba, ranar ko bayanta. Da ma ya zage shi, da Barau ya fi samun sauƙi.

Amalanke yana nan jingine a bayan gida, karkiya a kansa, sa ɗaya yana tuƙa a turke. Sa ɗaya ba ya jan amalanke a wannan yashi. Maƙwabcinsu Sale ya ce zai riƙa ɗaukar tsohon a nasa ranar kasuwar Jahun, sau ɗaya a mako, don sauran ranakun yana jigilar taki. Aka yi godiya, aka koma wanki ɗaya maimakon biyu.

Barau ya nemi hanyar rabuwa da babur. Mai otal ya riga ya tafi. 'Yan acaɓan Jahun suka zagaye shi suna shafa tanki, kowa ya yaba, ba wanda ya taya. Ya kai wa mai walda ya liƙa masa kariya, amma bayan babur ɗin roba ce da siririn ƙarfe, ranar da ya gwada ta da kaya ta ɓalle.

A gindin darbejiyar bakanike ya gamu da Malam Lado, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Shekara ashirin ya yi yana ratsa ƙauyukan nan a kan babur ɗin gwamnati, yanzu ba shi da aiki sai zama a benci yana cin goro yana gyara wa bakanike zance.

"Wa ya sayar maka da wannan ɗan akuyan, samari?"

Barau ya gaji da ɓoye-ɓoye, ya kwashe labari ya faɗa.

"To ka ce ya riƙe ka mana," in ji Muntari bakanike daga ƙarƙashin wani babur. "Abu mai sauƙi."

Malam Lado ya dubi Barau. "Kai ne na fari?"

"Ni ne, Baba."

"To rufe mana baki, Muntari, ka ci gaba da ɗaure kusarka." Ya tofar da tuƙar goro. "Gobe ka zo mini da rabin buhun gero. Kada ka zo da igiya."

"Ba igiya, Baba?"

"Ubanka za ka ɗaure? Tunda shi ba zai ɗauru ba, kuma ba zai riƙe ba, sai ka koyi tuƙin da ba ya buƙatar riƙo. Ranar da ka kai buhun nan gida bai faɗi ba, ka ɗauko tsoho."

Haka aka fara, a wani fili bayan gari, cikin zafin bazara. Malam Lado yana zaune a inuwa da buta a gefe, Barau yana ɗora buhu, ya tashi, buhu ya faɗi, ya sauka ya ɗauka. Ranar farko ya daina ƙirga faɗuwar tun kafin azahar.

"Kulocin nan yaye shi ake yi, ba sakinsa ake ba! Ka taɓa ganin an yaye yaro rana ɗaya?"

"A hankali nake saki, Baba."

"A hankalin mahaukaci. Sake."

Ya koyi sakin kuloci har babur ya riƙa tashi kamar kwale-kwale ya bar gaɓa. Ya koyi canza giya ba tare da buhu ya gyaɗa kai ba. Ya koyi taka birkin baya tun da nisa, ya bar na gaba ya huta. Ya daina kwanciya a kan tanki, ya koma zama a miƙe kamar liman a kan jaki, abin da yake sa bayansa ciwo, don ba a ƙera babur ɗin domin irin wannan zama ba. Yatsunsa na hagu suka yi kanta. Salansa, bututun hayaƙin babur, ta ƙone shi a ƙwauri sau biyu. Buhun ya fashe, Hassana ta ɗinke, ya sake fashewa, kaji suka riƙa bin sa a tsakar gida. A mako na biyu, in dai ƙasa mai tauri ce, yana iya zagaya filin sau goma buhu yana zaune daram.

Sai suka koma yashi. Malam Lado ya sa aka rage iskar tayoyi.

"Giya ta biyu. Kada ka kalli gaban taya, kalli can inda za ka. Saki kafaɗunka, bar kan babur ya yi rawarsa. Kuma duk abin da zai faru kada ka rage wuta. Yashi kamar kare yake, in ya ga ka tsorata sai ya kama ka."

Wannan ma ya koya, ya daina faɗuwa. Amma ga inda gizo yake saƙa. In ya ba da wuta yadda yashi yake so, bayan babur sai ya riƙa kaɗa wutsiya, buhu ya yi tsalle ya bar shi. In ya lallaɓa don buhu ya zauna, tayar gaba ta nutse su kife tare. Kwana shida yana neman tsakiyar abin, babu.

Rana ta bakwai ya zauna a ƙasa kusa da Malam Lado, ko buhun bai ɗauko ba.

"Baba, kai da kake ɗaukar mutane a yashin nan, yaya kake yi?"

Tsohon ya daɗe yana ɓare goro. "Riƙewa suke yi," ya ce. "Kariya ko ni. A yashi dole a riƙe, samari. Na ɗauka ko kai za ka gano abin da ni ban gano ba."

Barau ko haushi ya kasa ji, gajiyar ta wuce nan.

A gida kuwa Hassana ta fara kunna turaren wuta a ɗakin uban safe da yamma, amma warin yana fin turaren. A zuwansu na ƙarshe malamin asibiti ya kira Sale gefe ya ce in haka za a ci gaba, sau ɗaya a mako, to ba da daɗewa ba zai rubuta musu takardar Kano, kuma a can ba maganar wanki za a yi ba, maganar ƙafar ce gaba ɗaya. Sale ya faɗa wa Hassana, Hassana ta faɗa wa Barau tana kuka tana zaginsa.

"Da ka sayo na mutane da yanzu ya warke! Ka je ka sayo abin gayu da san Baba!"

"Na sani."

"Ka sani! To sai ka goya shi ai, ga zani."

"Na ce na sani, Hassana."

Ranar Alhamis da sassafe, Barau yana zaune a zaure yana duban tayar babur, sai ya ji sandar uban. Malam Muntaka ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa gari, ya naɗa farin rawaninsa. Ya rame har rigar ta yi masa yawa.

"Ki ce masa ya fito da abin."

Aka sake ɗora shi a gaban masallaci, mutanen ranar nan dai su ne a tsaye. Hassana ta tattara bakin rigar ta cusa masa a ƙarƙashin cinya kada taya ta ja. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyi. Barau ya yi bismilla, ya yaye kuloci. Babur ya tashi sumul, ko gezau tsohon bai yi ba. Wani a baya ya ce, "Ah to."

Suka bi ta tsakanin gonaki inda ƙasa take da tauri. Tun daga ƙofar gida Barau yake jera kalmomi huɗu a ransa: Baba, ka riƙe ni. Ya juya su, ya sake juyawa. A gindin kukar da yashi yake farawa ya tsaya, ya sa ƙafa a ƙasa. Ba kowa a wurin sai su biyu da wasu awaki. Ya buɗe baki, kalmomin suka ƙi fita.

"Me ake jira?" in ji uban.

"Yashi ne, Baba. Buhu ma faɗuwa yake yi."

Inji yana ta ƙara a ƙarƙashinsu. Sai Barau ya ji motsi a bayansa, ya duba madubi. Uban yana warware rawani, ninki bayan ninki, har furfurarsa ta bayyana a ƙarƙashin 'yar hula. Ya ninka ƙyallen biyu, ya wurgo shi ta saman kan Barau ya sauko masa a ciki, ya naɗe bakin nan biyu a hannuwansa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ja ya ji ya yi tauri. Ko yatsarsa bai taɓa jikin ɗan ba. Haka yake riƙe igiyar shanu in yana kan amalanke.

"Ja," ya ce.

Barau ya sa giya ta biyu ya ba da wuta. Babur ya faɗa yashi ya fara kaɗa wutsiya, rawani ya shaƙe masa ciki, amma nauyin bayansa yana nan. Ya nufi sawun amalanke, inda kullum yake bi, sai ya ji an fizge shi ta hagu.

"Fita daga sawu! Nan ya fi zurfi. Hagu, ta inda ƙarangiya take."

Ya bi hagu. Taya ta sami abin kamawa. Mako uku yana faɗuwa a hanyar nan bai san akwai tauri a gefenta ba.

"Dama. Dama, na ce! Bayan sabarar can rami ne."

Shekara arba'in tsohon ya yi yana kora shanu a yashin nan, ya san shi kamar tsakar gidansa. Yana ja ta nan, yana saki ta can, har da 'yar ƙarar nan ta harshe da yake yi wa shanu in sun yi nawa. A wani gangare kan babur ya kufce, suka karkata har ƙafar Barau ta share ƙasa, hannunsa ya so ya rage wuta. Rawani ya ja shi baya da ƙarfin da bai zaci ya rage wa tsohon ba, ya ji "Haba! Haba!" a bayan kunnensa, ya murɗa, suka miƙe.

Da tayar gaba ta hau burji, sai ya ji an ja bakin biyu lokaci ɗaya. Ya tsaya. Malam Muntaka ya zare rawaninsa, ya kaɗe shi, ya leƙa madubin babur ya naɗa abinsa a tsanake, ya gyara. Sannan ya mayar da hannuwansa kan gwiwoyi. Haka suka shiga Jahun, tsoho a zaune ƙyam ba ya riƙe da komai, har suka wuce darbejiyar bakanike. Malam Lado ya miƙe tsaye daga benci, goro a hannu, ya bi su da kallo.

Su ne na biyar a layi. Barau ya zauna a inuwar katangar asibiti, ya ɗaga riga ya duba cikinsa. Rawanin ya bar masa jan shaida daga wannan kwiɓi zuwa wancan. Daga inda yake yana hango kwaltar da ta tafi Dutse, wata mota tana ɗaukar fasinja. Ya kalle ta har ta cika ta tashi.

Uban ya fito da sabon bandeji fari, yana dogara sanda. Ba Hassana a kusa, dole ya yi maganar da kansa, yana kallon tankin babur.

"Sun ce ba sai an je Kano ba, in an kiyaye. Litinin da Alhamis."

"Har yaushe, Baba?"

"Sun ce a ga kaka tukuna."

Barau ya lissafa watannin a ransa, da daminar da take tsakani, da huɗar da za a yi da sa ɗaya. Ya jawo babur kusa da dakali don tsohon ya ji sauƙin hawa. Malam Muntaka ya zauna, ya tattara rigarsa da kansa, ya taɓa rawani ya ji yana nan.

"A gangaren nan kana saurin tsorata," ya ce. "Ba komai. Wancan san da aka sayar ma sai da ya yi wata uku kafin ya san hanyar."

Barau ya tayar da babur, ya yaye kuloci a hankali, suka nufi yashi.